Auren Da Aka Ɗaura Da Waƙa A Abhur

Saura kwana goma sha ɗaya a ɗaura auren Turai da Kassimu, Rafi'u ya shigo lungunmu na Mahjar da kaset ɗin bidiyo a hammata, yana taku ɗaiɗai kamar da kuɗin ubansa aka gina Jidda. Ina ganin wannan tafiyar na ce yau akwai magana. Na yafa mayafi na bi bayansa gidan Alhaji Haladu, wai na je aron rariya.

Alhaji Haladu shi ne uban Turai. Mai tsire ne, sai dai a garin nan ba a cewa tsire, sire ake cewa, kuma shago uku gare shi. Ubansa da ƙafa ya zo daga Gumel, shekara shida yana hanya, ya sauka ba shi da komai sai buzu da buta. Amma tunda Haladu ya riƙe tabi'iyya, takardar zama ɗan ƙasa, ya manta da buzun. Duk Bahaushen da ya zo bayansu sunansa ɗan iƙama, wato mai takardar zaman baƙo. A gaisa da shi a masallaci, amma ba a ba shi 'ya.

Shi kuwa Kassimu ɗan iƙama ne tsantsa. Mutumin Damagaram ne, dogo, shiru-shiru, direba a wani kamfanin Italiyawa masu aikin gini, waɗanda ke da unguwarsu a killace can Abhur. Shekara biyu yana sintiri ana korarsa. Sai da Turai ta yi kwana tara ba ta sa komai a bakinta ba, aka kwashe ta asibiti aka sa mata ruwa, sannan Haladu ya ce "na ba ka" a gaban mutane, kamar ana cire masa haƙori. Tun ranar yake neman yadda zai janye ba tare da an ce dattijo ya yi magana biyu ba.

Rafi'u ɗan wan Haladu ne, mu'aƙƙib, wato mai yawo da takardun mutane ofis-ofis. Yana da wani ɗan teburi a Bagdadiyya da yake kira maktab. Shekararsa talatin da biyar, tumbi a gaba, turare kamar ya faɗa kwalba. Tun Turai na firamare yake cewa tasa ce, ga shi yanzu ta kai ashirin da huɗu, har tana koyarwa a makarantar 'yan mata, ko ruwa ba ta taɓa miƙa masa da hannun dama ba.

Aka aika aka kira Na'ibi, mai jan salla in liman ba ya nan, wanda kowa ya san Rafi'u ke sabunta masa iƙama. Maza suka zauna a majalisa gaban talabijin. Mu mata muna bayan labule: ni, da Turai, da kakarta ta wajen uwa, Hajja Dela, wadda ta raine ta tun rasuwar uwarta. Tsohuwar ta haura tamanin, ba haƙori ko ɗaya, amma ba abin da ke wuce kunnenta.

Rafi'u ya sunkuyar da kai kamar mai ta'aziyya a gaban baffansa, wanda yake ce wa Ammi irin na 'yan Jidda.

"Ammi, ni ba na son ɓata sunan kowa, wallahil azim. Amma amana ce. Ka ga abin da surukinka ke yi a Abhur."

Ya zura kaset ɗin.

Jama'a, na ga shirme a duniya, amma wannan daban ne. Sunansa wai ofera. Wasan kwaikwayon kakannin Italiyawan ne, an ce ya fi shekara ɗari da hamsin, kuma wai na ban dariya ne. Ba a magana a cikinsa. In mutum zai ce a miƙo masa gishiri, sai ya dafe ƙirji, ya wangale baki, ya kurma ihu har jijiyar wuyansa ta fito. A ɗakin cin abincin kamfanin suka yi shi, ƙofa a kulle, don ba mai barinsu su yi wannan a cikin gari.

Daga baya na ji cewa daga ƙasarsu suka ɗauko wani ƙanƙanin mutum mai gemun akuya ya tsara musu. Shi kuma ya rantse ba zai sa abin ƙarya ko ɗaya ba. Tunda labarin a lungun talakawa ya faru, sai an ga lungun da ido. Aka ɗaura igiya aka shanya wanki jiƙaƙƙe, yana ɗiga a kan masu waƙa. Aka saki kaji na gaske. Aka sayo akuya, tana tsaye tana cin gefen tabarma. Ga murhu da wuta, ana dafa taliya, ana ci, ana waƙa da baki cike. Mutane masu albashin da zai sayi Mahjar, sun biya kuɗin jirgi an zo an nuna musu talauci. Da sun tambaye ni, da na buɗe musu tagata kyauta.

Hajja Dela ta taɓo ni. "Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba mutuwa ba ce, Hajja. Dariya ce."

"To waccan fa, naƙuda take?"

Waccan ita ce Madam Orsola, matar babban injiniya, wadda Kassimu ke tuƙawa. Ta ba hamsin baya, jikokinta biyu, amma ita ce budurwar wasan. An ɗaure mata ciki har numfashi da ƙyar. A labarin, wani tsoho mai kuɗi ne ke son ta, ita kuma ta yi masa wayo ta auri wani baƙon ɗan kasuwa da ba ya jin yarensu. Mai gemun akuya ya ce ba za a shafa wa Bature baƙin tukunya ba, baƙo na gaske za a sa.

Sai ga baƙon ya shigo, cikin babbar rigarsa ta Salla, har da rawani.

Turai ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni.

Kassimu ne. Akuya ta bi shi tana shinshina masa riga. Aka tsayar da shi gaban teburi kusa da Madam. Wani mai baƙar alkyabba da tabarau ya baje takarda, ga tawada, ga mutum biyu tsaye a matsayin shaidu. Mai alkyabba ya rera tambaya. Madam ta amsa da ihun da ya kai tsawon dafa shayi. Ya juyo ga Kassimu ya rera masa tasa.

Kassimu ya ce, "Si."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan a wasan gaba ɗaya. Ya zura mata zobe, ya sa hannu a takarda. Ɗaki ya ɗauki tafi.

Rafi'u ya danna ya tsayar da hoton.

"Si da yarensu na'am ke nan, Ammi. Na karɓa. Mutum uku na tambaya. Zoben zinari ne na gaske. Sa hannun nasa ne, na san shi, ni ke bin takardun kamfanin. Kuma ka ga wancan jan mutumin na layin gaba, mai tafin nan da ƙarfi? Mijinta ne. Da ransa."

"Innalillahi!" in ji Haladu. "Matar aure?"

Ban taɓa ganin mutum na salati haƙoransa na leƙowa don daɗi ba sai ranar.

Na'ibi ya gyara hula, ya yi gyaran murya. "Ai aure, Alhaji, ba ya cikin abin da ake wasa da shi. In an yi da gaske ya ɗauru, in an yi da wasa ma ya ɗauru. Ga shaidu, ga zobe a madadin sadaki, ga amsa."

Ni da iyakata allo na san ana neman waliyyi. Amma wanda iƙamarsa ke jakar Rafi'u, ina zai tuna da waliyyi?

Haladu ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Alhamis bayan la'asar ya zo ya kare kansa. In ta tabbata, ba ni na saɓa ba, shi ya saɓa. Ba na ba wa mai aure kan aure 'yata." Ya dubi Rafi'u. "Na gida dama bai ƙare ba."

Ina waigawa na ga Turai zube a ƙasa, fuska a cinyar kakarta.

* * *

Washegari da hantsi na aika wa Kassimu, na kuma je na aro Turai da sunan za ta karanta min wasiƙa. Na sa shi a bakin ƙofar ɗakina, ita daga ciki, ni a tsakiya da tiren shinkafa ina tsinta. Ba don gulma ba. Ai ba a barin saurayi da budurwa su kaɗai.

Turai haihuwar Jidda ce. Tana jin Hausa sarai, amma in ranta ya ɓaci sai Larabci ya riga fitowa.

"Lesh, ya Kassimu? Don me? Kullum ka ce min ka kai Madam kasuwa. Wannan ce kasuwar?"

Ya kasa ɗaga kai. Ya rame a kwana ɗaya, kamar an zare masa laka.

"Turai, fasfona yana durowar mijinta. Ranar nan ina wanke mota aka kira ni, wannan mai gemun ya zagaya ni sau biyu kamar zai sayi rago, ya ce ni yake so. Aka ce tsayuwa kawai zan yi in faɗi kalma ɗaya. In ce a'a wa wa? Mutumin da in ya ga dama gobe ina jirgin Yamai?"

"Da ka faɗa min!"

"Kunya ce. Namiji da gemunsa, tsakanin kaji da akuya, ana yi masa tafi. Da wane baki? Sau arba'in fa muka gwada, ko sau ɗaya ban ji daɗi ba."

Kukan ya tsaya cak.

"Sau nawa?"

"Gwaji ne, Turai, ba..."

"Sau arba'in ka aure ta? Ni shekara biyu ina jiran sau ɗaya!"

Na sunkuya kan shinkafa don kada a ga bakina.

"Ka riƙe hannunta."

"An ce in riƙe."

"Ta sumbace ka, na gani."

"A iska ne, nan gefen kunne. Wallahi tafarnuwa kawai na ji. Turai, matar nan ta girmi innata. Da rana ta tsaka tana kirana da sunan direban da ya tafi tun bara. Ni idona a rufe, a buɗe, ke nake gani. Rigar nan da na sa, da ita na yi niyyar zuwa ɗaurin aurenmu, ba ni da wata. Ranar da akuyar ta ci min gefenta, a mota na zauna na yi kuka."

Hawaye ya sake ɓalle mata, yana bin kumatu yana ɗiga a abaya.

"Ba ka san Abuya ba, ubana ne, ni na san shi. Ba ya son gaskiya, dalili yake so, kai kuma ka kai masa har gida, da hoto, da murya. In ya janye, ba zai sake bayarwa ba ko zan mutu. Ni kuma ba ni da wani kwana tara a jikina, likita ya faɗa. Zan zauna a gidan nan in tsufa ina kallon Rafi'u yana shigowa cin abinci."

"Kalma ɗaya fa," ya ce. "Ni da farko ma dariya ta ba ni. A lakwal, makarantar bokonmu ta Damagaram, da Faransanci, si ai 'idan' ne."

Na ajiye tire.

"Maimaita."

"Idan, Goggo. Kamar a ce idan Allah ya kai mu."

"Kai ɗan nan, uwarka ta yi maka addu'a! Ka taɓa jin an ɗaura aure da idan? Ranar Alhamis ka ce kai ba ka jin yaren masu taliya. Da Faransanci ka yi magana. Idan ka ce, ba ka ƙarasa ba aka hau tafi. Shi ke nan, Na'ibi ya haɗiye maganarsa."

Turai ta rarrafo har bakin ƙofa, idonta ya kawo haske.

"Sahih! Kassimu, ka ce haka. Allah yakhallik, ka ce haka."

Ya dubi takalminsa.

"Amma na san abin da suke nufi, Goggo. An fassara min."

"Wa ya shiga zuciyarka ya gani?"

"Allah."

Na ja tsaki har sai da wuyana ya amsa. Wannan fa shi ne ciwon masu gaskiya, ba su san lokacinta ba.

Turai ta haɗa hannu biyu. "Ni na bar abinci saboda kai. Na bari aka yi da ni a unguwa, aka ce 'yar Haladu ta haukace a kan direba. Ban ce ka yi sata ba, ban ce ka kashe kowa ba. Harafi biyu ne. Ba za ka iya min harafi biyu ba?"

"In aka ɗora min hannu a Alƙur'ani fa?"

"To ka zaɓa," ta ce cikin shessheƙa. "Ni dai na gama nawa."

Ya daɗe tsaye, hawaye na bin gemunsa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya sa takalmi ya tafi, don wai Madam na jira a kai ta gyaran gashi.

* * *

Ranar Alhamis majalisar Haladu ta cika har bakin ƙofa. Ban san wa ya baza labarin ba. Ni dai gida shida kawai na faɗa wa.

An sake kunna kaset, an tsayar da shi daidai inda Madam ta wangale baki, aka bar ta haka tana kallon jama'a. Rafi'u na kusa da Haladu, ya sha sabuwar jallabiyya, yana wasa da makullin mota. Kassimu na tsugune a tsakiya shi kaɗai. Mu muna inda muka saba, bayan labule.

Na'ibi ya ce, "Yaro, kai ne wancan?"

"Ni ne, Allah gafarta malam."

"Me ka ce?"

"Si na ce."

"Me take nufi?"

"Da yarensu e ne. Da Faransancin da na yi a lakwal kuma idan ne."

Aka hau ƙus-ƙus. Wani dattijo ɗan Maraɗi daga baya ya ce, "Gaskiya ne, idan ne!" Makullin Rafi'u ya daina ƙara. Na ga Na'ibi ya dubi jama'a, ya ga da yawa, ya san dole ya yi abin malamai. Ya ɗauko Alƙur'ani ya ajiye gaban Kassimu.

"In idan ka ce, ba aure. Ɗora hannunka. Wanne ka nufa?"

Turai ta rufe ido, leɓenta na motsi. Ni kaina na riƙe numfashi.

Kassimu ya dubi labulen nan, kallo mai tsawo. Sannan ya ɗora hannu.

"E na nufa, malam. E ɗin wasa, amma e."

Wayyo wawa! Da ina kusa da na rafka masa rariyar da na ara.

Haladu ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya sauke buhu. Ya gyara zama. "To jama'a, kun ji da kunnenku. Ku shaida cewa ni Haladu..."

"Abuya."

Turai ce. Mace ta yi magana daga bayan labule, a gaban maza talatin.

"Ke! Aib!" in ji Haladu.

"Su'al ɗaya, Abuya. Malam nake tambaya, neman sani ne." Muryar ba kuka a cikinta ko kaɗan, ban san inda ta kai shi ba. "Ya sheikh, auren wasa aure ne, ko da kowa na dariya?"

Na'ibi ya ji an ce masa sheikh, ya buɗe kafaɗa. "Ko da ana birgima."

"Ko ba takarda?"

"Takarda ba sharaɗi ba ce, 'yata. Shaidu, da sadaki, da amsa."

"To Rafi'u mijin Sitti ne."

Sitti ita ce kaka da bakin 'yan Jidda. Hajja Dela ke nan.

Ku da kuka tashi a gida kun san wasan. Tsohuwa ta ce wa yaro mijina, shi ya ce mata amarya, a yi ta tsiya. Mu ko a jikinmu. Amma Turai cikin Larabawa ta tashi, ba su san wannan ba. Ta faɗa min daga baya, har ta kai shekara goma tana zaton da gaske ne, tana mamakin me ya sa ba sa ɗaki ɗaya.

Ta ci gaba, tiryan-tiryan. "Ƙaramar Sallar nan da ta wuce, a wannan majalisar. Rafi'u ya ba Sitti riyal goma, ya ce ga sadakinki amarya. Sitti ta ce na karɓa angona. Abuya ya yi dariya ya ce na ba ka ita, ka kwashe ta yau. Kai kuma, ya sheikh, kana cin sire a can kusurwa, ka ɗaga hannu ka ce Fatiha, kowa ya shafa. Ga shaidu, ga sadaki, ga amsa, har da mai bayarwa. Kuma da Hausa aka yi. Sitti ba jininsa ba ce, ta wajen uwata take. Me ya rage?"

Wani ya yi tari. Wani ya toshe baki da hula.

Ban ankara ba na ji an dafa kafaɗata. Hajja Dela ce ke miƙewa. Ta ɗauki sandarta, ta yaye labule, ta ratsa maza ɗai-ɗai suna janye ƙafa, ta je ta zauna daf da Rafi'u, har cinyarta na taɓa sabuwar jallabiyya.

"Maigida," ta ce, tana yi masa fari da idon da ya yi yana, "tun kana tsumma nake jiran a ce in tare. Ɗakin da ke da mukayyif, na'urar sanyin nan, nake so, zafi ba ya yi min. Kuma ba na cin shinkafar jiya."

Majalisa ta fashe. Dattawa na riƙe ciki, ɗan Maraɗin nan har da faɗuwa gefe.

Rafi'u ya zabura. "Wasa ne! Ammi, kowa ya san wasa ne! Wasan kaka da jika!"

"Na wancan yaron fa," in ji ɗan Maraɗi yana share hawaye, "jana'iza ce?"

Rafi'u ya dubi Na'ibi. Na'ibi ya dubi silin, gumi na bin wuyansa duk da mukayyif. Hajja Dela ta kama gefen jallabiyya tana murzawa. "Yadin nan mai kyau ne. Ka yanko min irinsa, mu yi anko."

Nan hankalinsa ya bar jikinsa. Ya fizge riga ya daka tsalle.

"Na sake ta! Na sake ta saki uku! Khalas!"

Dariyar ta ɗauke ɗif.

Hajja Dela ta tafa hannu a hankali. "Ku shaida. Ba a sakin matar da ba a aura ba. Da bakinsa ya amsa."

Daga bayan labule Turai ta ce, "In saki na wanke auren wasa, Abuya, Kassimu ma yana da baki."

Shi kuwa bawan Allah, da ba ya gane komai sai an faɗa masa, ya miƙe tsam, ya je gaban talabijin, ya ɗan rusuna wa hoton da ke wangale da baki.

"Madame, pardon. Na sake ki."

Sai a lokacin karatun Na'ibi ya dawo masa. Wai dama ba waliyyi a na Abhur. Wai dama matar da ke da miji aure ba ya hawa kanta. Wai dama shi cewa ya yi a bincika. Ba wanda ya saurare shi.

Haladu bai yi dariya ba tun farko. Fuskarsa ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Duk abin da za a ce da shi, uwar matarsa marigayiya ba ya haɗa ta da kowa. Ya juya ga ɗan wansa.

"Surukata ka yi wa saki uku? A majalisata? Tana da shekara tamanin, kana daka mata tsawa?"

"Ammi, ai ita ce ta..."

"Ɗauki kaset ɗinka."

Rafi'u ya tsuguna yana danne-danne, na'urar ta ƙi tofo kaset ɗin. Ya bar shi, ya fita, turarensa ya daɗe bai bi shi ba.

Saura Kassimu a tsaye tsakiyar ɗaki, hannu a baya. Haladu ya kalle shi daga sama har ƙasa, kallon da yake yi wa naman da bai yarda da shi ba. Ya dubi jama'a, talatin ɗin nan da ya tara da kansa don su shaida. Ba wanda ya kawar da ido.

"An buɗe maka hanya ka ƙi bi," ya ce. "An ce ka ce idan, ka ce e. Kai wane irin wawa ne?"

"Haka Allah ya yi ni, Baba."

"Na gani."

Muka ji ana gwada lasifikar masallaci. Turai ta sake damƙe hannuna, a daidai inda ta ji min ciwo rannan.

"Juma'ar ɗaurin auren tana nan," in ji Haladu, kamar kowace kalma da ƙaya take fitowa. "Amma ka gaya wa wakilinka, in aka tambaye shi, da Hausa zai amsa."

Kassimu ya durƙushe, ya kasa cewa komai da kowane yare. Turai ta kifa kai a kafaɗata tana kuka, wannan karon mai daɗi.

Hajja Dela ce ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa a tsakiyar maza, sakinta ko rabin awa bai yi ba.